Abin da ke ƙarƙashin fenti: fila, foti da firaima a garejojin Kano

Babu motar da ke fitowa daga hannun mai fenti da muni. Ko aikin kirki aka yi ko na rufa-rufa, ranar da aka yaye takardu da salatif aka wanke ta, sheƙi take yi, mai ita ya zagaya ta ya ce madalla, ya cika kuɗi. Sai ta sha ranar Kano ta 'yan makonni sannan gaskiya take fitowa. Wata ka ga sawun samfefa ya taso daga ƙarƙashin fentin, wata ka ga zobe ya kewaye daidai wurin da aka gyara, wata kuma bayan damina gindin ƙofa ya fara ƙuraje, in ka danna da farce ruwa mai tsatsa ya tsatso. A nan mai mota zai fara faɗa, wai an sa masa fenti mara kyau. Sau da yawa fentin ba shi da laifi ko kaɗan. Abin da aka shimfiɗa masa ya kwanta a kai ne ya motsa.

Kafin a yi maganar gyara, ya kamata a san abin da ake ƙoƙarin mayarwa. Ƙarfen jikin motar zamani bai kai milimita 1 ba, galibi tsakanin 0.7 da 0.8 yake. A masana'anta ana wanke gangar jikin, a tsoma ta gaba ɗaya cikin kwatarniyar wani firaima, wato fentin shimfiɗa da ake sawa kafin launi, wanda wutar lantarki ke manna shi a kowane lungu, ciki da waje. Tun wajajen ƙarshen shekarun 1970 wannan hanya ta zama ruwan dare, kuma tana cikin manyan dalilan da suka sa motoci suka daina ruɓewa da wuri kamar na da. A kan wannan ake sa wani firaima, a sa launi, a sa ruwan sheƙi, ana gasawa a zafin da ya haura digiri 140. Duk waɗannan in aka haɗa, kaurinsu bai wuce na takardar rubutu ɗaya zuwa biyu ba. Babu garejin da zai iya maimaita wannan, ko a Kwakwaci ko a Jamus, domin motar da ke da wayoyi da robobi da kujeru ba ta jure wannan zafin. Ɗakin gashin da ake kira oben, wajen digiri 60 yake kaiwa. Saboda haka duk wanda ya goge mota har ƙarfe ya fito, ya cire mata kariyar da ba zai iya maido da irinta ba, sai dai ya nemi abin da ya fi kusa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani kafin ya ce a kankare masa mota duka don kawai launi ya ɗan kwanta.

Kayan da ake sake ginin da su kowanne aiki guda gare shi. Guduma tana maido da ƙarfe siffarsa. Fila tana cike ɗan abin da guduma ta bari. Foti yana toshe ramukan da ba su wuce bakin allura ba. Firaima yana kama ƙarfe, ya tare danshi, ya shafe sawun samfefa. Kusan duk ɓarnar da ake gani a titi, in ka bi diddigi, za ka tarar an ɗora wa ɗaya aikin ɗan'uwansa ne. Kuma a kullum abin da aka tsallake shi ne wanda ya fi cin lokaci.

Mu fara da fila, tunda ita ce ta yi ƙaurin suna. Dillali in yana son karya darajar mota, cewa yake yi duk jikinta fila ce. Amma fila ba abin kunya ba ce. Kafin a same ta, darma ake narkawa a shafa a wurin da ya lotsa, aiki mai wuya da guba. A shekarar 1955 aka fito da wata fila mai suna Bondo a Amurka, kuma daga nan irin wannan kwaɓi ya karɓe aikin a duniya. Asalinta wani ruwan roba ne da ake kira foliyesta, an cakuɗa shi da gari mai laushi, yawanci irin wanda ake yin hodar shafawa da shi. Ba ta bushewa da iska. Sai an zuba mata hadina, wannan ɗan man ja da ke zuwa a bututu, sannan sinadaran biyu su haɗu, ta yi ɗumi, ta daskare.

Matsalar tana kauri. Masu yin ta suna cewa kada ta wuce milimita 6, kuma mai aikin da ya san hannunsa yana ƙoƙarin tsayawa ƙasa da 3. Dalilin a fili yake. Ƙarfe yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, fila ma haka, amma ba tafiyarsu ɗaya ba. Baƙar mota da aka ajiye a rana a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ba ka iya ɗora tafin hannu a bonet ɗinta. Da yamma a kai ta wurin wanki a watsa mata ruwa. Siririyar fila tana bin ƙarfe duk inda ya je, mai kauri kuwa tana turjewa har ta tsage. Ƙara da bugun ƙofa da ramukan titi. In ruwa ya sami wannan tsagar, magana ta ƙare, saura lokaci. Abin kamar yaɓen bango ne: bangon da ya karkace, kaurin yaɓe ba ya miƙe shi, nauyi kawai yake ƙara masa har ranar da zai zubo.

To me ya sa ake lafta ta? Saboda fanel bita da mai fenti mutum biyu ne, kuma kowa kuɗinsa daban. Mai buga jiki ya ja ƙarfe ya kai rabi, ya ce sauran fila za ta cinye. Mai fenti ya karɓi motar a haka, ba zai mayar ba don kada a ce ya cika ƙorafi, sai ya buɗe gwangwani. Akwai kuma abin da wutar walda ke yi. In aka gasa wuri da wutar gas don a ja shi, ƙarfen yana miƙewa ya yi laushi, ka danna ya shiga ka saki ya fito, kuma fila a kan irin wannan ba ta daɗewa. Sannan wutar tana ƙone kariyar da ke bayan ƙarfen, inda ba mai leƙawa. A gaba an yi aiki tsaf, a baya an bar ƙarfe tsirara, tsatsa ta ci daga ciki ta ɓullo waje.

Tsatsa kuwa fila ba ta maganinta. Kano ta fi Legas sauƙi a wannan fanni saboda bushewar iska, amma da yawa daga cikin motocin da ake kawowa ta Kwatano da Legas sun yi shekaru a ƙasashen da ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, da cutarsu suke zuwa. Ga laka da ke taruwa a bakin taya da damina, ga ramukan zubar ruwa na ƙasan ƙofa da ƙura ke toshewa. Wurin da ya hude, yankewa ake yi a yi waldar sabon ƙarfe. Wanda ya cusa raga ko kwali a rami ya shafe da fila, kwanan wata kawai ya ɗaga. Akwai fila mai faiba, wadda ta fi ƙarfi kuma ta fi jure ruwa, tana da amfani a kan layin walda, amma ita ma ba a ɗora ta a kan tsatsa.

Yadda ake kwaɓa ta ma karatu ne. Ƙa'idar ita ce hadina wajen kashi 2 cikin 100, wato giram 2 a kan giram 100. A gareji ba mai sikeli, da ido ake yi, kuma gogaggen mai fenti yana gane daidai daga launin kwaɓin. Tsaya kusa da shi ka gani: ya ɗebo fila a kan faranti, ya ja siririn layin ja a kai, sannan ya riƙa ninkewa yana dannewa da robar shafawa har launin ya zama ɗaya, babu jan zare babu fari. Ba ya juya ta kamar mai dama kunu, domin juyawa iska take tura wa ciki, iskar kuma ita ce ramukan da za su fito bayan an goge. Yaron da ke koyo, a kan yankin kwali zai kwaɓa, kwalin ya tsotse ruwan robar. Ko ya zuba hadina da yawa don ta kama da wuri. Wannan shi ne mai ban haushi, domin ba a ganin illarsa sai an gama: ragowar hadinan yana ratsowa sama ya yi tabo rawaya-rawaya, kuma a farar mota da mai ruwan azurfa, waɗanda suka cika titunanmu, ya fi fitowa. In kuma ya yi kaɗan, filar ba ta ƙarasa daskarewa, tana danƙo tana toshe samfefa. Da bazara minti uku ma da ƙyar take ba ka kafin ta fara kamawa. Maganin wannan shi ne a shiga inuwa a kwaɓa kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata tina, wato ruwan sirka fenti, kamar yadda wasu ke yi ba.

Akwai wata al'ada da ta zauna daram a garejojinmu wadda ni a ganina ta fi kowace yin ɓarna a ɓoye, wato goge fila da ruwa. Ka ga yaro da bokiti da samfefa yana tsomawa yana gogawa, farin ruwa na gangarowa. Hujjarsu ita ce ruwa yana kashe ƙura kuma samfefa tana daɗewa, kuma duka biyun gaskiya ne. Amma fila tana shan ruwa. Garin da ke cikinta yana riƙe danshi, ya kai shi har kan ƙarfen da ke ƙasa. Sama ta bushe cikin minti goma a rana, a fesa firaima, a kulle danshin a ciki. Bayan wata biyu ko uku ƙuraje su taso. Fila a bushe ake goge ta: samfefa mai kaushi lamba 80 don fitar da siffa, sannan mai laushi lamba 120 zuwa 180 don kashe sawun ta farkon. Ruwa sai an zo kan firaimar da ta bushe, shi ma da sharaɗin ba a goge har an huda zuwa fila ba.

Foti labarinsa gajere ne. Wanda aka fi sani, mai zuwa a shirye ba a haɗa shi da komai, bushewa yake yi ta hanyar tashin tinan da ke cikinsa. Duk abin da ke bushewa ta haka yana motsewa, kuma yana ci gaba da motsewa makonni bayan an ɗauka ya gama. Don ramin allura aka yi shi. Wanda ya shafe rabin ƙofa da shi don ya fi fila sauƙin gogewa, shi ya sayi zoben nan da ke bayyana bayan Sallah. Akwai foti mai hadina, ɗan'uwan fila ne mai laushi, shi ba ya wannan halin.

Firaima ita ce inda ruɗani ya fi yawa, domin a bakin mai mota duk ruwan tokan da aka fesa kafin launi abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Akwai mai asid a ciki, wadda ke ɗan cin fuskar ƙarfe don ta kama. Siririya ake fesa ta, tana bushewa da sauri, tana da kyau a ƙananan wuraren da samfefa ta huda har ƙarfe. Sai dai ba a ɗora fila a kanta, domin asid ɗin yana hana filar kamawa yadda ya kamata. Akwai ifoksi, mai zuwa gwangwani biyu. Ita ce ta fi kusa da kariyar masana'anta: tana manne wa ƙarfe da alminiyam, tana tare danshi, kuma fila tana zama a kanta lafiya. Aibinta jinkirin bushewa da taurin gogewa, ga tsada, shi ya sa ba kowane gareji za ka gan ta ba. Sai mai kauri, wadda ake kira 2K, ana haɗa ta da nata hadinan, yawanci huɗu da ɗaya, amma abin da ke rubuce a jikin gwangwanin shi ake bi. Aikinta ta cike sawun samfefa ta ba da fuskar da za a goge ta kwanta. Sai kuma ta gargajiya, ta selulos, wadda tina kawai ake zuba mata. Ita ce mafi araha, ita ce mafi saurin bushewa, ita ce kuma ke motsewa daga baya, kuma tinan fentin da aka ɗora mata yana iya sake jiƙa ta ya tayar da sawun da ta rufe.

Tsarin da ya fi daɗewa, in ƙarfe ya fito da faɗi, shi ne ifoksi a ƙasa, fila a kai, sannan mai kauri, sannan launi. Fila kai tsaye a kan ƙarfe mai tsabta da aka goge da lamba 80 ma daidai ne, haka aka daɗe ana yi, muddin an rufe ta da wuri. Abin da ba daidai ba shi ne fila a kan tsohon fenti mai sheƙi, ko a kan jan firaiman nan na ƙofofin gida da tagogi, wanda wani lokaci ake ɗaukowa don yana kusa. Na mai ne, tinan fentin mota yana sa shi ya yamutse.

Ko da an sayi mai kyau, hannu yana iya ɓata ta. Firaima mai kauri hawa biyu zuwa uku ake yi, ana barin minti biyar zuwa goma tsakani don tina ya fita. Mai gaggawa yakan zuba ta lokaci guda, ko ya nemi ta cike kwarin da fila ya kamata ta cike. Sama ta bushe, ciki na nan ɗanye, a goge a fesa launi, daga baya ta zauna. Wani kuma ya haɗa firaimar wannan kamfani da hadinan wancan, ya sirka da tinan da ake wanke bindigar feshi. Ga ruwan da ke taruwa a tankin kwamfureso da damina, in ba a zubar ba, tare da firaimar yake fita. Da hunturu kuma ƙura ce, ka fesa a fili ta sauka a kai. Sannan a sani cewa firaima mai kauri ba rigar ruwa ba ce. Motocin nan da ke yawo wata da watanni da facin ruwan toka, ana jiran a sami kuɗin fenti, danshi suke sha. Gara a bar lotsawar da tsohon fentinta har kuɗi su samu.

In kana son gane mai fentin da ya san aiki ba tare da ka tambaye shi komai ba, dubi yadda yake goge firaima. Zai ɗan watsa baƙin fenti sama-sama, kamar hazo, sannan ya naɗe samfefa a jikin katako mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ya goga a karkace, dama da hagu. Inda baƙin ya rage, kwari ne. Inda fila ta leƙo, tudu ne. Wanda ke gogawa da tafin hannu, yatsunsa bin kwarin suke yi, shi ya sa za ka hangi gefen mota da hasken yamma ka ga yana igiyar ruwa. A kan firaima ana gamawa da lamba 400 zuwa 600, musamman in launin mai ƙyalli ne, don shi ba ya rufa wa sawu asiri.

Bamba nata daban ne, kuma a garin da adaidaita sahu ke goga mota kullum, ita ce aka fi kaiwa gyara. Roba ce. Juya bayanta za ka ga an buga haruffa, galibi PP, irin robar da fenti ba ya son kamawa. Sai an wanke ta da sabulu, an fesa wani siririn ruwa mai sa fenti ya manne wa roba, sannan firaima. In ba a yi ba, ranar da mai wanki ya saita mata ruwa mai ƙarfi fentin zai ɗaye. Filar ƙarfe ma ba ta dace da ita ba, domin bamba tana lanƙwasa, filar kuwa ba ta yi. Akwai wadda aka yi don roba.

Duk wannan masu fenti da yawa sun san shi. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Saurari cinikin:

"Oga, nawa za ka yi min gefen nan?"

"Alhaji, wane iri kake so? Akwai na sosai, akwai na lallaɓawa."

"Kai dai yi min mai kyau, amma ka san yanayin gari. Kuma jibi nake son ta, akwai ɗaurin aure."

An nemi mai kyau, an nemi araha, an nemi jibi. Mai fenti ba zai rage launi ko ruwan sheƙi ba, don su Alhaji zai gani. Abin da ke ƙasa zai rage. Kayan nan mafi yawansu daga waje suke zuwa, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya tashi a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, alhali mai mota yana nan da tsohon lissafi a ka. Dillali kuwa buƙatarsa motar ta yi kyau har ta bar hannunsa. Ban ga laifin aikin lallaɓawa ba in kowa ya san abin da aka yi. Motar haya da ake bugawa duk mako, zuba mata ifoksi asara ce, selulos ya ishe ta. Laifin yana inda aka karɓi kuɗin na sosai aka yi na lallaɓawa, ko inda mai mota ya biya kuɗin lallaɓawa ya dawo yana neman na sosai.

Akwai kuma wanda ke biyan wani farashin da ƙirjinsa. Hadinan 2K yana ɗauke da sinadarin da ke haddasa asma, kuma hankicin da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi, haka takunkumin takarda. Madarar da ake sha bayan feshi ciki take zuwa, ba huhu ba. Yaran da ake sa wa gugar fila su suka fi kowa shaƙar ƙurarta.

Mai mota ba sai ya zama fenta ba. Ya raba kuɗin kaya da na aiki, ya ga gwangwanayen da idonsa. Ya leƙa gareji bayan fanel bita ya gama, kafin a shafa komai, ya shafa wurin da tafin hannu ya ji zurfin abin da aka bar wa fila, ya tambaya me aka sa a bayan ƙarfen da aka gasa. Ya sake leƙawa lokacin da take cikin firaima, kuma ya yarda ta kwana a haka. Mai sayen mota kuma, ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana nuna inda fila ta yi kauri, domin a nan kamunsa yake raguwa. Na'urar auna kaurin fenti ta fi shi: fentin masana'anta yakan nuna tsakanin maikuron 100 da 180, wanda aka sake fesawa ya ninka haka, inda kuwa ta haura 1,000, wato milimita ɗaya, akwai fila. Sai dai a kula, wasu motocin bonet ɗinsu na alminiyam ne, kuma Ford F-150 daga samfurin 2015 jikinta ma na alminiyam ne. A irin waɗannan maganaɗisu ba zai kama ba ko da ba a taɓa gyara wurin ba, sai na'urar da ke karanta ƙarfe iri biyu.